Tambaya da Amsa: Jikan fari a tsakiyar hunturu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna. Daga Aboabo nake rubuto miki, nan Kumasi. 'Yata ta fari ta dawo gida goyon ciki, ana sa ran saukarta tsakiyar Janairu. Jikana na fari ke nan, ko barcin kirki ba na yi don ɗoki. To hunturun bana ya shigo da ƙarfi, asuba sanyi, rana ƙura. Na tanadi buhun gawayi da kurfoti don ɗumama mata ɗaki, na sayo gero da kanwa a kasuwar Kejetia, na ciro zannuwan da na goya ta da su daga adaka, har yanzu suna ƙanshin kafur. Ita kuwa ta ce a wajen awo an hana su duk wannan. Jiya har muka yi sa-in-sa, ta shige ɗaki tana kuka. Da haka aka yi mini jego, na haifi biyar lafiya lau. Wa ke da gaskiya?

Mai jiran jika, Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raba lafiya, ya sa ki ɗauki jikanki da hannunki. Na daɗe ina karɓar haihuwa kafin in ajiye aiki, ni ma kuma kaka ce, don haka ba zan ɓoye miki ba: a kan gawayi da kafur da kanwa, yarinyar nan ta fi ki gaskiya. A kan cewa jariri da mai jego suna son ɗumi da kulawa kuwa, ke ce da gaskiya.

Kurfotin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Wata asuba ta hunturu aka kawo mana mai jego da uwarta a tasi, dukansu ba sa iya ɗaga kai, maƙwabciya na rungume da jaririn kwana huɗu. Sun kwana da garwashi a ɗaki, sun toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada iska ta shiga. Allah ya yi da sauran kwanansu. Har yau ina jin muryar dattijuwar nan tana cewa, "Ai ba hayaƙi, ya riga ya ruru." Nan ne haɗarin yake. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri, sai barci mai nauyi, wani daga nan ba ya tashi. Kurfoti ya tsaya a tsakar gida, ya dafa ruwa. Turaren wuta ma a turara ɗaki da shi sa'ad da jaririn ba ya ciki.

Kuma sanyin Kumasi ai ba na Bawku ko Kano ba ne. Na asuba ne, da hantsi ya dubi ludayi ya wuce. Hula, safa, riga ɗaya fiye da wadda babba ya sa, sannan ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare. Ki riƙa sa hannu a bayan wuyansa. In da gumi, ki rage kaya. Zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Celsius. Wankan farko a jira awa 24, bayan nan a yi masa da hantsi, ki gwada ruwan da gwiwar hannu, a shafe shi da man kaɗe mai tsabta. Wannan aikinki ne, ba mai ƙwace miki.

Zannuwan adaka kada ki mayar da su. Abin so ne a goya ɗa da zanen da aka goya uwarsa. Amma ki wanke su sarai, su sha rana har ƙanshin ya fita kakaf, ki raba kayan jariri da kafur gaba ɗaya. Akwai jariran da ake haifa da wani rauni a jini wanda ido ba ya gani, kuma yana da yawa a wannan yanki namu. Kafur yana farfasa musu ƙwayoyin jini, sai shawara ta taso. Kullum ki fito da shi bakin ƙofa ki duba farin idonsa da fatarsa. In kin ga rawaya, asibiti a ranar, ba a jiran hasken ranar safe ya warkar.

Kanwa kuwa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gama ɗawainiyar wata tara ta ƙara ɗaukar kaya. Geronki ba zai yi asara ba: kunun tsamiya, kunun gyaɗa, koko, duk ki dama mata. Wanka ki yi mata da ruwa mai ɗumi wanda ba ya ƙona fata, in kuma aka yi mata tiyata ki bi abin da likita ya ce. Kumburin ƙafa, haki, ko kasa kwanciya rigingine, kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Cibi ba gashi, ba toka, sai maganin shafawa da ungozoma za ta bayar. Ƙura kuma a yayyafa ruwa kafin shara, a bi taga da jiƙaƙƙen tsumma. Komai bushewar gari, nono kaɗai ya ishe shi har wata shida. Uwar ce za ki dinga tura wa ruwa. Ranar suna mutanen Zango za su cika gida, rabinsu da mura. A nuna shi a mayar ɗaki, mai ɗauka ya wanke hannu. Ki duba katin inshorar lafiyarta tun yanzu, don tun 2008 awo da haihuwa suna cikin tsarin kyauta ga masu kati.

Sai kukan jiya. Hajiya, ba raini ba ne, tsoro ne. Cikin fari ne, ba ta san abin da ke gabanta ba, ga uwarta a gefe guda ga malaman awo a gefe guda. Ki raka ta awo na gaba, ki zauna kusa da ita a benci, ki yi wa ungozomar duk tambayoyin nan da bakinki. Gobe da asuba kuma ki kai mata koko da ƙosai har gado, ki ce mata kin kai kurfotin waje.

In ta sauka ki rubuto mini, in ji ko miji kika samu ko kishiya.