Tsohuwar jif ko ƙaramar mota, wacce ta fi tsare rai?

Tambaya: Salam Malam. Kuɗin hannuna zai sayi ɗaya cikin biyu, tsohuwar jif mai shekara kusan 20 ko ƙaramar mota da ba ta daɗe da fitowa ba. Yayana ya dage sai jif, wai ƙarfenta ya fi kauri in aka yi karo. Ni kuma har mashin na fara tunani saboda tsadar mai. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mashin dai in batun tsare rai ake, cire shi a lissafi. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka sun nuna in aka yi tafiya mai nisa iri ɗaya, mai babur ya fi na cikin mota yiwuwar mutuwa sama da sau 20, don shi jikinsa ne bodin. In dole ce ta sa, to hular kwano mai kyau, a ɗaure ta a haɓa ba a ɗora ta kamar ado ba.

Yayanka yana da gaskiya amma rabi. A taho-mu-gama mai nauyi ce ke tura mara nauyi baya, na cikin ƙaramar su suka fi shan jijjiga. A 2009 cibiyar IIHS mai gwajin haɗarin motoci a Amurka ta haɗa ƙaramar Toyota Yaris da Camry wadda ta fi ta girma gaba da gaba, Yaris ta ji jiki sosai. To amma a shekarar dai sun gwara Chevrolet ta 1959 da ta 2009, kuma wallahi tsohuwar mai "ƙarfe" ita ce wurin zaman direbanta ya murƙushe, sabuwar gabanta ne ya lotse ya shanye bugun, ɗakin direba ya tsaya. Lotsewar nan da mutane ke rainawa da gangan aka ƙera ta.

Sannan ba kowane haɗari ne karo da wata mota ba, nan ne jif take da nata ciwon. Doguwa ce, nauyinta na sama, taya ta fashe ko ka fizgi sitiyari kana gudu sai ta ƙwace ta wuntsila, kuma a wuntsilawa wanda bai sa bel ba ta taga ake cillo shi. Shi ya sa kafin ka biya ka tambaya ko tana da ESC, na'urar da ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya da kanta in mota ta fara zamewa. Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012, Turai daga 2014, da yawa cikin tsofaffin jif ba su da ita. Ni in ni ne, jif mara ESC ko a araha ban so. In kuɗin zai kai matsakaiciyar mota mai ESC da jakar iska ta gefe, ita zan ɗauka a kan duka biyun, don bugun gefe mugu ne, tsakaninka da gaban waccan motar ƙofa ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce in aka bugi mota ta gefe a gudun kilomita 65 a awa, yiwuwar mutuwar na ciki kashi 85 ne cikin 100.

Duk wadda za ka saya, ka kai ta wajen bakanike ya duba ko jakar iskar ta taɓa fashewa aka rufe wurin haka nan, ka ja kowane bel da ƙarfi ka ga yana kamawa, har na kujerun baya.