Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohuwar Kyamara

Ɗana, ka tambaye ni yadda ake gane tsohuwar kyamarar fim da ta cancanci a saya a adana, tunda an nuna maka guda biyu ka rasa wadda za ka ɗauka: wata mai ruwan zinariya da aka zana wa sunan Leica, da wata Yashica mai ido biyu wadda fentinta ya koɗe. Ka riƙe wannan tun yanzu, sunan da ke jikin kyamara shi ake dubawa daga ƙarshe, domin babu abin da ya fi shi sauƙin jabu.

Gaskiya ne kamfanin Leitz da ke garin Wetzlar a Jamus ya ƙera Leica mai ruwan zinariya a wajajen 1930, amma waɗanda ya yi ba su kai ɗari ba, kuma irinsu sai a manyan gidajen gwanjo. Waɗanda ke yawo a hannun dillalai yawancinsu ƙirar Tarayyar Sobiyet ne, wato FED da aka fara ƙerawa a Kharkiv a 1934, da Zorki da masana'antar Krasnogorsk ta fara fitarwa a 1948, kuma dukansu an kwaikwayo su ne daga Leica II ta 1932. Sai wasu su kankare sunan asali, su goge tagullar jikin har ta yi ƙyalli, sannan su zana Leica a kai. Kwance gilashin ka leƙa saman bakin kyamarar daga ciki, za ka ga ɗan hannun da ke taɓa bayan gilashi don auna nisa. A Leica ta ainihi ƙarshensa 'yar taya ce mai juyawa, a FED da Zorki kuwa guntun ƙarfe ne sassaƙaƙƙe wanda ba ya juyawa. A wurina Zorki da aka bar ta da sunanta ta fi wadda aka yi wa wannan ɓarna daraja nesa ba kusa ba, saboda haka ka bar wa dillali kayansa.

Yashicar ce ta cancanci ka zauna ka bincike ta. Tsarinta ya samo asali ne daga Rolleiflex, wadda kamfanin Franke & Heidecke ya fara fitarwa a Braunschweig a 1929, ita kuwa Yashica-Mat, ɗaya daga cikin ire-iren Yashica mai ido biyu, ta fito a 1957 da farashi mai sauƙi. Suna cin fim mai lamba 120, kowane naɗi hoto 12, kowane nagatif santimita 6 tsawo da faɗi. Masu hoton situdiyo da yawa a Afirka ta Yamma da irinsu suka yi sana'a, shi ya sa wadda za ka samu a nan da wuya ta kasance ba ta sha aiki ba. Koɗewar fenti ba ta tsorata ni, domin tana nuna kyamarar ta yi ta aiki ne, ba ajiye ta aka yi cikin laima ba.

Idon sama na leƙe ne kawai, na ƙasa shi ke ɗaukar hoto, don haka a kansa za ka tsananta bincike. Karanta rubutun da ke kewaye da shi: Yashinon gilasai huɗu ne a cikinsa, ya fi Yashikor mai uku kaifin hoto. Sai ka buɗe bayan kyamarar, ka sa saitin lokaci a kan B, wanda ke barin idon a buɗe muddin kana danne da maɓalli, ka danne maɓallin, ka haska tocila ta ciki. Ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne funfuna, wadda za ka gani zare-zare kamar saƙar gizo, domin idan ta daɗe takan cinye shafen da ke kan gilashin, kuma ko an wanke ta tabon ba ya fita. Hazo-hazo sau da yawa tururin tsohon mai ne, ana iya wanke shi, amma idan ka ga launuka suna sheƙi a gefen gilashin, to gam ɗin da ya haɗa gilasai biyu ne ya saki, gyaransa kuma yakan fi kuɗin kyamarar.

Daga nan sai aikin kunne. Ka sa ƙofar haske, wato ganyayyakin ƙarfen da ke buɗewa su rufe cikin idon lokacin ɗaukar hoto, a kan daƙiƙa ɗaya ka danna, ka saurari ƙarar 'yan haƙoran ciki. Lafiyayya takan yi ƙara ɗaya ba yankewa har ta rufe. Idan ta yi jinkiri ko ta tsaya a tsakiya, tsohon girisi ne ya bushe, kuma wannan ciwo ne mai magani, sai dai dalili ne na neman ragi. Kada ka tilasta wa abin da ya cije, kada kuma ka ɗiga man keke, domin zai malala kan ganyayyakin ƙarfen ya manne su. A Yashica-Mat kada ka ja hannun jinkirta ɗauka alhali saitin filasha yana kan M, yin haka yana cije ƙofar gaba ɗaya.

Ma'aunin haske bai kai a fasa ciniki a kansa ba, tunda na wancan zamani da yawa sun mutu, wasu kuma batirin zaiba suke bukata wanda aka daina yi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ko ana samun fim ɗinta. Har yau ana yin 120 da mai milimita 35, amma kamfanin Kodak ya daina yin fim mai lamba 620 tun 1995.

Idan ta zama taka, kada ka sake mata fenti, domin masu tarawa asali suke biya. Ka cire ta daga jakarta ta fata, saboda fata tana riƙe laimar damina, ka sa ta a kabad mai gilashi wanda ƙurar hunturu ba ta shiga, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima. Duk wata ka fito da ita ka danna ta a kowane saiti, don kada girisin ya sake daskarewa.