Amsa ga 'yar'uwar da ta samu gwangwanin maɓallan kakarta

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta. Na ga kin ce kin tarar da gwangwani cike da tsofaffin maɓallai a kayanta kina so ki haɗa su da duwatsu ki yi sarƙa da abin hannu, kuma maƙwabciyarki ta ce ku yi musaya ta ba ki duwatsu ki ba ta maɓallai amma kina tsoron kar a ƙware ki. Toh ni shekarata tara ina wannan aikin a nan Kano, bari in faɗa miki abin da hannuna ya koya min.

Da farko dai ki sanar da su mama da gwaggonninki, komai ƙanƙantarsa kayan gado ne, in sun bar miki shikenan hankalinki kwance. Sannan kar ki ba kowa ko ƙwaya ɗaya sai kin zazzage gwangwanin a tire kin ware su da rana tsaka. Ki riƙa ɗora kowanne a kumatunki, na kwalba da na ɓawon katantanwar ruwa sanyi za ki ji, in kin ɗan ƙwanƙwasa a haƙori su yi ƙas, na roba kuwa ba sanyi ba ƙara. Na ɓawon nan su ne masu ɗaukar ido launi-launi in kin juya su, bayansu kuma ba ya zama sumul, waɗannan ki ajiye su gefe dan su ne masu daraja. Kar ki yi mamaki in kin ga kuɗi mai huda a ciki, kin san tsofaffi anini suke ce wa maɓalli, sunan ƙaramin kuɗin nan na zamanin Turawa da goma suke yin kwabo ɗaya tun kafin naira ta zo a 1973, ni na taɓa samun guda uku a gwangwanin wata tsohuwa kuma sun yi kyau sosai a tsakiyar sarƙa.

Wanki kuma ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori ya isa, ki shanya a inuwa. Na tagulla da suka yi kore ki goga musu lemon tsami da gishiri ki ɗauraye ki goge tas, amma dan Allah kar lemon nan ya taɓa na ɓawo ko murjani, tsami cinye su yake yi sheƙin ya tafi ba zai dawo ba. Masu rufin yadi kar ki jiƙa su. In kin ga na tsohuwar roba da ya fara tsattsagewa yana wani wari ki fitar da shi daga cikin sauran, yana sa na ƙarfen da ke kusa da shi su lalace, kuma irin wannan robar ba ta son wuta ko kaɗan.

Yanzu ga inda yawancin masu farawa suke tuntuɓe. Maɓalli ba dutsen wuya ba ne, hudarsa daga gaba zuwa baya take, in kika zura shi yadda ake zura jigida sai ya juya miki gefe, fuskar da kike so a gani ta ɓuya. Mai huda biyu ki shigo da zaren ta baya ki fito ta gaba ki koma ta ɗaya hudar, sai ki ga ya kwanta lamo a jiki. Mai huda huɗu zare biyu nake sawa su tafi a jere, tsakanin maɓalli da maɓalli kowane zare ya ɗauki ƙananan duwatsu daidai da na ɗan'uwansa, wannan shi ya fi kyau a abin hannu dan ba ya birkicewa. In sarƙar mai lilo ce da za ta riƙa juyawa sai ki haɗa biyu masu girma ɗaya baya da baya, duk ta inda ta juya fuska ce. Kina iya ɗora ƙarami a kan babba ki rufe hudar da dutse ɗaya ja, wallahi sai a ɗauka fure ne.

Masu ƙafa a baya, irin na kwat da na kayan sarki, su ne masu wuyar sha'ani dan kifewa suke yi. Ni a farkona filaya na sa na yanke ƙafafun wasu na tagulla guda shida na manna su da gam, zafin watan Afirilu na zuwa gam ɗin ya saki biyu suka faɗi a gidan biki, sauran kuma ba su ƙara amfanuwa ba tunda ba inda zare zai bi, har yau ina jin zafin abin. Kar ki yanke. Ki sa duwatsu masu tsayin ƙafar a dama da hagu su tallafe shi, ko ki samo ragowar fata wajen dukawa ki yanka da'ira ki huda ki tura ƙafar ciki ki ɗinke. Kuma mai ƙafa ɗaya mai kyau shi zai zame miki maɗauri, ki yi masa ɗan zobe na ƙananan duwatsu a ɗaya bakin ya riƙa shiga ciki, kinga ba sai kin sayi ƙugiyar da za ta yi tsatsa ba.

Zare kuma na kamun kifi da kowa ke amfani da shi ya yi wa ƙananan duwatsu, amma bakin hudar tsohuwar kwalba yanka shi yake yi a hankali. Na fi son zaren masu ɗinkin takalmi in shafa masa kakin zuma, ina ƙulli bayan kowane babban dutse ko da ya tsinke ba zai watse ba. 'Yan kunne ki zaɓi marasa nauyi kawai.

Batun musaya, ni ina yi sosai, rabin kayana ta nan na tara, amma ba a yin ta da ƙirga ko da cikin tafin hannu, iri da iri ake yi. Cikin leda na duwatsun roba bai kai maɓallan ɓawo shida masu kama ɗaya ba, kuma saiti in ya cika kar ki raba shi. Ki duba abin da ta kawo da kyau, na roba za ki ga ɗan layi a jikinsa inda injin ya haɗe shi, ga rashin nauyi, in kina shakka ki gasa bakin allura ki taɓa cikin hudar, in ya nutse roba ce. Wanda aka ce murjani ne ki goga da farin ƙyalle mai laima, in ja ya fito rini ne. Tsohon dutse na gaske bakin hudarsa ya side saboda daɗewa a zare.

In kika yi sa'a ta kawo na Bida ki karɓa hannu bibbiyu, Masaga ne suke narka kwalabe su yi su da hannu shi ya sa ba biyun da suke zama daidai, kuma sun dace da tagulla ƙwarai. Haka na Krobo daga Ghana da ake yi da garin kwalba, jikinsu da ɗan kaushi, kasuwarsu ma a Koforidua ranar Alhamis take ci. Akwai kuma tsofaffin na Benis ta Italiya masu zanen furanni da fatake suka shigo da su, waɗannan sun yi tsada kuma jabunsu ya yi yawa, ki shiga kasuwar Kurmi ki riƙe su a hannu ki ji nauyinsu tukun kafin ki yarda da na kowa.

Shawarata dai na Hajiya masu kyau kar su shiga musayar nan sam. Ki je wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, rigar da ta yage ba mai so sau da yawa maɓallanta lafiya lau suke, teloli ma suna da gwangwaninsu, da waɗannan za ki yi musaya da maƙwabciyar taki ba tare da zuciyarki ta sosu ba. Ki fara da abin hannu mai maɓalli biyar masu huda huɗu ki sa shi kwana bakwai ki ga inda yake juyawa ko yake kama mayafi kafin ki taɓa sarƙa. In kin gama warewa ki turo hotonsu gaba da baya, bayan ma ya fi muhimmanci, in sha Allah zan nuna miki waɗanda za ki riƙe.