Siginar ƙwaya mai kyamara tana dafa hanji?

Tambaya: Likita, jinin mahaifina na ta raguwa, an leƙa ta sama da ta ƙasa ba a ga inda yake zuba ba. Yanzu an ce ya haɗiyi ƙwaya mai kyamara. Yana da ƙiba, kuma wani ya ce mana siginarta na dafa hanji. Hankalina ya tashi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da za ta dafa. Wayar da ke aljihunsa ta fi ta ƙarfin sigina nesa ba kusa ba, kuma tun 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ƙwayar. Matsalarmu ma siginar ta samu ta fito ne. Tsoka da jini cike suke da ruwa da gishiri, suna shanye ta, shi ya sa irin ƙwayar da ake kira PillCam ke aika hoto a kusan megahaz 434 (ma'aunin saurin kaɗawar sigina), domin sigina mai yawan megahaz irin ta WiFi ta fi saurin mutuwa cikin nama. Kitse ba ya shanyewa kamar tsoka, sai dai yana ƙara nisa. A ɗaura masa bel ɗin na'urar da ke karɓar hoton da kyau, kada ya sassauta shi.

Abin da ya fi damuna daban ne, kuma kullum sai na yi ta maimaita shi. Bayan awa 8 zuwa 12 fitilar na'urar za ta daina ƙiftawa, sai mutane su ce ai ƙwayar ta fita, ko ta narke. Batir ne ya ƙare! Ba ta narkewa. Abu ne mai tsawon milimita 26, da batir a cikinsa, kuma a wajen mutum 1 ko 2 cikin 100 tana maƙalewa inda hanji ya tsuke, musamman mai cutar kumburin hanji ta Crohn, ko wanda aka taɓa yi wa tiyatar ciki, ko wanda ya daɗe yana shan diclofenac don ciwon gwiwa. Wanda ya shiga injin ɗaukar hoto mai maganaɗisu (MRI) da ita a cikinsa, maganaɗisun na iya fizgarta ta ji wa hanjinsa rauni. Raina na ɓaci idan na ji mai kemis ko mai tallar maganin wankin ciki ya ce a sha a turo ta. Tura abu ta hanyar da ta toshe ganganci ne da ran mutum.

Ku duba bahayarsa. Idan mako biyu ya wuce ba ku gan ta ba, a yi hoton ciki. In kuwa amai ya taso, ko ciki ya kumbura yana murɗawa, ku kai shi asibiti a ranar, ku faɗa musu ya haɗiyi ƙwayar.