Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ake Rufe Gyambo da Jel Maimakon a Bar Shi Ya Bushe?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana fama da ciwon sukari, kuma wata biyu ke nan da gyambo ya fito masa a tafin ƙafa. A asibiti an wanke, an shafa masa wani abu mai kama da dafaffen sitaci, aka rufe, aka ce kada a buɗe sai bayan kwana uku. Mu kuwa mun taso da sanin cewa miki sai ya sha iska ya bushe yake warkewa, har baffana yana cewa a kwance a barbaɗa garin kafso. Anya wannan abin ba zai sa ƙafar ta ruɓe ba? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Fahimtar da kuka taso da ita, ita ce likitoci ma suka daɗe a kai, har zuwa shekarar 1962 da wani masani ɗan Ingila, George Winter, ya yi gwaji a jikin aladu, ya ga cewa mikin da aka rufe ya kasance da danshi yana yin sabuwar fata kusan ninki biyu cikin sauri idan aka gwada da wanda aka bari a buɗe. Dalili shi ne, ƙwayoyin sabuwar fata rarrafe suke yi daga gefen miki zuwa tsakiya, kuma busasshen ɓawo tare musu hanya yake yi.

Abin da aka shafa wa Baba shi ake kira haidirojel, kuma mafi yawansa ruwa ne da aka kama cikin wata raga ta dogayen sarƙoƙin sukari. Kada kalmar sukari ta tayar miki da hankali, domin ba ya shiga jini ya ƙara ciwon. Dangin sitacin rogo ne da ƙaro, kuma duk wadda ta taɓa jiƙa ƙaro ta ga yadda yake kumbura ya riƙe ruwa, ta riga ta ga asalin dabarar. Wannan danshi yana tausasa mataccen nama har jiki ya iya kawar da shi da kansa, sannan ranar canji ba ya manne wa miki kamar busasshiyar auduga, wadda idan an fizge ta takan tafi da ɗanyen naman da aka yi kwanaki ana jira ya tsiro.

Cikin sauran abubuwan rufe miki na wannan dangi akwai aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, mai shanye ruwan miki ya rikiɗe ya zama jel, don haka ya fi dacewa da gyambo mai zubar da ruwa sosai. Akwai kuma kitosan, daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, wanda ke manne wa bangon ƙwayoyin cuta ya raunana su, yana kuma taimakawa wajen tsayar da jini, shi ya sa sojojin Amurka suka yi amfani da bandejinsa a yaƙin Iraƙi. Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake cusa magani cikin ragar, kamar azurfa ko aidin, ya riƙa fita kaɗan-kaɗan tsawon kwanaki. Wani nau'in da aka yi da sitaci, yayin da yake shan ruwan miki yake sakin aidin, har idan launinsa ya koma fari an san maganin ya ƙare. Shi wannan ba a sa wa mai cutar maƙoƙo sai da sanin likita.

Garin kafso kuwa, ina roƙonki ki lallashi Baffa ya haƙura, domin an yi shi ne don ciki, kuma barbaɗa shi yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, sannan yana ƙafewa ya ɓoye ainihin halin da miki yake ciki.

Sai dai jel yana da iyaka, kuma ba kowane iri ne ke ɗauke da maganin ƙwayoyin cuta ba, saboda haka ki tambayi ma'aikacin jinya wanne aka sa. Jel ba ya kai wa ga cutar da ta nutsa cikin nama ko ƙashi, ba a kuma sa shi a yatsan da ya yi baƙi ya bushe saboda rashin gudanar jini. Idan kuka ga zazzaɓi, ko wari, ko mugunya, ko ja da kumburi suna hawa sama, ko bandejin ya jiƙe sharkaf, ku koma asibiti a ranar, kada ku jira cikar kwana ukun. Kafin nan, a ci gaba da auna sukarin Baba, kuma a hana shi taka ƙafar, ko da zuwa masallaci ne, har sai likitansa ya ba shi izini.