Amsa Kan 'Yan Matan da Ke Zuga 'Yan Wasa a Makarantun Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ka tambaye ni game da bidiyon da ka gani na 'yan mata masu kaya iri ɗaya suna tsalle da kirari a gefen filin wasa, ka kuma ce ko 'ya'yanmu ma suna shiga wannan harka a nan Teksas.

Da farko, waɗannan 'yan mata ba hayarsu ake yi ba, ɗaliban makarantar ne, kuma aikinsu shi ne su zuga 'yan wasan makarantarsu tare da tayar da 'yan kallo, kusan yadda makaɗa ke yi wa ɗan dambe kafin ya shiga fage. Abin da zai ba ka mamaki shi ne maza ne suka fara wannan al'ada, domin a shekarar 1898 wani ɗalibi mai suna Johnny Campbell ya jagoranci 'yan kallo a Jami'ar Minesota, kuma mata ba su rinjaye ta ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da samari suka tafi fagen daga. Har tsohon shugaban Amurka George W. Bush ya yi wannan aiki a makarantarsa.

Makaranta ce ke riƙe da ragamar komai. Akwai malamar da ke horar da su, ana yin gwajin zaɓe kafin a ɗauki yarinya, kuma a jiharmu akwai doka tun 1984 wadda ta hana ɗalibin da ya faɗi darasi shiga wasanni da makamantansu har sai ya gyara makinsa. Wasan ƙwallo irin na Amurka a makarantun sakandare galibi ranar Juma'a da daddare ake yinsa a lokacin kaka, kuma a ƙananan garuruwa kusan kowa yana can, daga tsofaffi har jarirai. Haɗarin ma ba kaɗan ba ne, saboda ana jefa yarinya sama a cafe ta, kuma idan aka kuskure abin yakan kai ga karaya ko rauni a ka.

Mu dai Hausawan nan, yawancinmu ba ma barin 'ya'yanmu mata su shiga, kuma dalilin a fili yake: kayan gajeru ne, ga rawa a gaban taron maza, ga kuɗin kaya da na tafiye-tafiye da kan kai ɗaruruwan daloli. Sai dai ba mu hana yaro goyon bayan makarantarsa ba, domin hanyoyin suna da yawa. Wasu yaranmu suna cikin ƙungiyar masu busa da ganga, wasu suna rubuta allunan ƙarfafa gwiwa, wasu kuma suna zama a sashen ɗalibai sanye da riga da hijabi masu launin makarantar. Akwai iyaye ƙalilan da suka nemi a bar 'yarsu ta sa dogon wando da mayafi, kuma wasu makarantun sun amince.

A ganina, uban da ya ce a'a kawai bai bayyana dalili ba, shi ya fi shan wahala daga baya, domin yarinyar da duk ƙawayenta ke filin wasa ita kaɗai tana gida takan ɗauka cewa addininta ne ya ware ta. Shi ya sa nakan kai tawa da kaina bayan mun yi Magariba, mu zauna tare a kan benci har a tashi. A gaishe min da Hajiya da yara.