Firinta na bugawa, amma sikana ta ɓace bayan an sake sa direba

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka yi wa kwamfuta fomatin, ka sake sa direban firintarka Epson L3110 (manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firinta), takarda na fita lafiya lau amma sikan ya ƙi, wurin wanke kan tawada ma ka neme shi ka rasa. Kada ka kai ta gun mai gyara tukuna.

Fara da wannan: zare kebul ɗin USB, ɗora takarda a kan gilashi, danna maɓallin fotokwafi na jikin injin. In kwafi ya fito tas, to sikanarka garau take, matsalar na cikin kwamfuta.

Abin da ya faru, rabin direba ka samu. In aka soka kebul kafin a sa manhajar kamfani, Windows kan yi gaban kanta ta ɗauko abin da ya sawwaƙa, wanda sau da yawa bugu kawai ya iya. Su Epson kuwa direban bugu daban, na sikana daban, sunansa Epson Scan 2. Nozzle Check da Head Cleaning, wato gwaji da wanke kan tawada, suna shafin Maintenance na direbansu na asali. Masu HP su nemi wanda aka rubuta Full Feature, masu Canon MF su haɗa da MF Scan Utility.

Ni ma na sha wannan wahalar a shagona da ke Gwallameji a Bauchi, kusa da Poly, ana tsakiyar rajistar ɗalibai. Yaron shago ya sake sa direba da dare, gari na wayewa ga layi har bakin ƙofa, kowa riƙe da fasfo da sakamakon WAEC yana son sikan. Na hau acaɓa har Wunti na sayo sabon kebul, a banza. Wani mai gyara kuwa ya leƙa gilashin ya ce fitila ta ƙone, in kawo kuɗi. Alhali injin na ta fotokwafi a gabansa! Sai bayan la'asar na gano tsohon direban ne ya maƙale, sabon na hawa kansa.

Don haka goge direban da ke kan kwamfutarka daga tushe. Da kebul a zare, cire firintar a Settings, sannan danna maɓallin Windows da na R tare ka rubuta printui /s /t2. Zaɓi direban, ka ce a cire shi har da kunshinsa. In kwamfuta ta ce ana amfani da shi, sake danna Windows da R ka rubuta services.msc, a jerin da zai fito ka sake kunna Print Spooler, ka kuma gwadawa. Tunda kana wurin, duba Windows Image Acquisition, in a kashe yake yana iya hana sikan tafiya. Kashe kwamfuta ka kunna, sauko da direbobin biyu daga shafin Epson, ka lura ko 64-bit ce taka ko 32-bit. Kebul kuma sai manhajar ta ce a soka, ba kafin nan ba. Ka guji shafukan nan masu maɓallin Download goma, ƙwayar cuta suke rabawa.

In ta yi, aje fayilolin a filas, data ta yi tsada. In kuma ta ƙi, buɗe Device Manager ka turo hoto, musamman duk inda ka ga alamar rawaya.